Masu kiwon ɓera don ado: yanda abun yake, da inda zai ba mutum wuya a Jidda da Makka

Duk mai yara masu riƙe waya ya san irin bidiyon nan, baturiya zaune a kujera ɓera ya leƙo ta hannun rigarta, ta kira sunansa ya taho a guje ya haye kafaɗa, tana ba shi dafaffen ƙwai a cokali. Manya su ce a'uzubillahi su wuce, yara kuma su tsaya su kalla har ƙarshe, wani ma ya fara tambayar ko ana samu a kasuwar tsuntsaye. To tunda abun ya riga ya shigo Snapchat da TikTok ɗin yaranmu gara mu san mene ne shi, don “ƙazanta ce” kawai ba ta isar yaron yanzu amsa, zai ce maka ai wannan ba irin na kwata ba ne.

Kuma nan ne farkon rikicin. Irin na kwata ne. Jinsi ɗaya ne da ƙaton ɓeran nan mai ruwan ƙasa da ke fitowa daga magudanar ruwa da bayan mataam, wato gidan saida abinci, da daddare, in ka haɗa su za su yi barbara su haihu lafiya lau. Turawa suna ce masa ɓeran Nowe amma ba daga can ya fito ba, asalinsa arewacin ƙasar Sin ne da kewaye, jiragen ruwa da fatauci suka yaɗa shi, ya cika Turai a ƙarni na 18. Ba shi ne hamsta ɗin da ake saidawa a shagunan dabbobi a nan ba, wannan dabba ce daban mai guntun bindi mai son zaman kaɗaici. Ba kuma ɓeran Masar ba ne da wasunmu suka kiwata a gida Najeriya ko Nijar. Abun da ya raba na ado da na kwata shi ne kusan shekara 200 na zaɓen iri, ana ɗaukar mai sanyin hali da mai launi ana haɗawa ana barin sauran.

Yanda aka faro ma babu daɗin ji. A Ingila ta ƙarni na 19 akwai wata caca da ake yi a gidajen giya, a zuba ɓeraye cikin wani shinge a saki kare, mutane su sa kuɗi a kan minti nawa zai ɗauka ya kashe su. Akwai wani kare Billy da ya yi suna a 1823 saboda ya kashe ɓera 100 cikin minti biyar da rabi. Wannan caca tana cin ɓeraye dubbai, saboda haka kamun ɓera ya zama sana'a mai kawo kuɗi, har wasu suka ga ai kiwonsu ya fi bin rami sauƙi. Cikin dubban da ake kamawa lokaci-lokaci sai a ga fari fat, ko baƙi, ko mai dabbare-dabbare, sai a ware shi. Wani mai kamun ɓera a Landan, Jack Black, wanda yake kiran kansa mai kama wa Sarauniya Biktoriya ɓera, ya gaya wa ɗan jarida Henry Mayhew cewa yana haɗa masu launin yana saida wa 'yan matan masu hali su ajiye a keji. Can Japan kuma sun riga Ingila, tun 1775 suna da littafin koyar da kiwon ɓera mai launi.

Abun ya zama gasa ne a 1901, lokacin da wata mata Mary Douglas ta roƙi ƙungiyar masu kiwon kusu, wato ƙananan ɓerayen gida, ta Ingila su bar ta ta kawo ɓerayenta wurin baje kolinsu a garin Aylesbury, suka yarda, ɓeranta mai baƙi da fari ya cinye gasar. Bayan rasuwarta a 1921 harkar ta yi sanyi sosai, sai a 1976 aka kafa ƙungiyar masu kiwon ɓeran ado ta Birtaniya, ta Amurka kuma ta biyo baya a 1983 a Kalifoniya. Har yau suna gasa, da alƙalai da ka'idoji a rubuce, ana duba faɗin kai da tsawon bindi da sheƙin gashi da yanda launi ya zauna a jiki, kuma ɓeran da ya ciji alƙali ya fita kenan. A gefe guda likitoci su ma suna nasu kiwon, farin ɓeran nan mai jan ido da ake gwajin magani da shi cibiyar Wistar ta Filadelfiya ta fara daidaita irinsa tun 1906, dangi ne na kusa da na adon.

Wanda ya taɓa kiwon tattabaru a saman soro zai fi kowa saurin gane waɗannan mutane. Ka san yanda mai tattabara yake kallon tsuntsu ya ce maka wannan uwarta kaza ce ubanta kaza, in na haɗa ta da wancan zan samu mai rawani, ya yi shekara yana neman launi ɗaya, wanda bai san harkar ba yana ganin ɓata lokaci ne da hatsi. To haka masu ɓeran nan suke, ba son ɓera ne kawai ya ɗebe su ba, lissafin gado ne.

Bari in ɗan buɗe lissafin don shi ne zuciyar harkar. Kowane ɓera yana ɗaukar ƙwayar gado biyu ta kowace siffa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ɗaya ce za ta bayyana a jiki. Wata kuma mai ɓuya ce, sai ta zo daga ɓangare biyu. Launin ɓeran daji, ruwan ƙasan nan mai sirkin baƙi, mai rinjaye ne a kan baƙi, shi ya sa za ka haɗa masu ruwan ƙasa biyu ka ga baƙi ya fito cikin 'ya'yan, dama can yana ɓoye a jikinsu su biyun. Akwai wanda suke kira dumbo, kunnuwansa manya ne zagayayyu sun sauko gefen kai maimakon su tsaya a sama, shi ne yara suka fi so a bidiyo don fuskarsa kamar ta ɗan tsana. A Kalifoniya ya ɓullo farkon shekarun 1990. Ƙwayarsa mai ɓuya ce, dumbo da dumbo duk 'ya'yan dumbo ne, amma in ka haɗa biyu masu kunnen gama-gari da kowanne ke ɗauke da ita a ɓoye, kusan ɗaya cikin huɗu ne zai fito da kunnen. Akwai reks mai nannaɗaɗɗen gashi har gashin bakinsa a murɗe, tasa ƙwayar mai rinjaye ce, amma in ta zo biyu sai gashin ya dinga zubewa yana fitowa wuri-wuri kamar mai makero. Akwai mai hula, kai da kafaɗa masu launi, jiki fari, sai layi ɗaya ya bi gadon baya har bindi, alƙalan gasa suna son layin ya miƙe ɗoɗar babu yankewa, kuma samun haka wahala ne da shi. Akwai Siyamis mai jiki ruwan madara, hanci da ƙafafu da gindin bindi masu duhu, shi launinsa da sanyi yake aiki, inda jiki ya fi sanyi nan yake yin duhu. Farin mai jan ido kuwa ba wai ba shi da launi a gado ba ne, ƙwayar zabiya ce ta rufe komai, ƙarƙashinta zai iya zama baƙi ko mai hula, sai ka haɗa shi ka ga abun da ya fito. Irin waɗannan masu jan ido ba su gani sosai, za ka ga ya tsaya yana kaɗa kai hagu da dama a hankali, ba aljanu ba ne, nisa yake aunawa.

Sai dai kyau yana zuwa da nasa bashin. Wasu zuriyoyin masu farin goshi da fari ya hauro gefen ciki suna ɗauke da wata cuta ta hanji, jijiyoyin da ke tura kashi ba su cika ba, ɗan ɓera yana fara cin abinci cikinsa ya kumbura, yawanci ba ya kai labari. Marar gashi sanyi da ciwon fata suna damunsa, matansu ma wasu ba su iya shayarwa sosai. Marar bindi yana samun matsalar ƙugu da mafitsara, kuma an cire masa abun da yake sanyaya jiki da shi, zan zo kan wannan. A ganina duk wanda yake haifar da dabba da gangan a siffar da za ta sha wahala don kawai ta yi kyau a hoto ya fita daga sha'awa ya shiga zalunci, kuma su kansu ƙungiyoyin Turai da dama ba su yarda a kawo marar gashi da marar bindi gasa ba.

Halin ma gadonsa ake yi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A Novosibirsk ta Rasha, tun 1972 masana ƙarƙashin Dmitri Belyaev suka kamo ɓerayen daji suka raba su gida biyu, ɓangare ɗaya ana haɗa waɗanda suka fi haƙuri da hannun mutum, ɗayan kuma waɗanda suka fi kai cizo. Bayan zuriyoyi da yawa na farkon kana ɗaukarsu kamar kyanwa, na biyun kuwa ko hannu ka kai kusa da keji sai sun yi kururuwa sun afka wa ƙarfen. Shi ya sa in yaro ya kamo ɗan ɓera a bayan gida ya ce zai rene shi ya zama kamar na bidiyo, ba zai zama ba, ya dai kawo cuta gida.

Ba zan ɓoye ba, dabbar tana da kai. Tana gane sunanta, tana koyon yin kashi a kusurwa ɗaya, tana gane mai ba ta abinci. Wani masanin kimiyya Jaak Panksepp ya gano a ƙarshen shekarun 1990 cewa in aka yi wa ɓera cakulkuli yana fitar da wani sauti da kunnenmu ba ya ji, kuma yana bin hannun a ƙara masa. A jami'ar Chicago a 2011 an kulle ɓera a cikin wani bututu, ɗan uwansa da ke waje ya yi ta fama har ya koyi buɗewa, ko da an ajiye masa cakulan a gefe yakan buɗe wa ɗan uwan kuma sau da yawa ya rage masa. A 2019 a jami'ar Richmond har tuƙa 'yar ƙaramar mota aka koya musu. Gafiyarmu ma ta yi suna, ƙungiyar APOPO da ke Morogoro a Tanzaniya tana horar da ita ta shinshino nakiyar da aka binne da tarin fuka a majina, ɗaya mai suna Magawa har lambar zinare aka ba shi a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Gafiyar da yara ke bi da sanda a ƙauye.

Yanzu mu dawo gida, mu ga abun a cikin shigga, wato gidan haya, mai ɗaki biyu a Jidda ko a Shara Mansur.

Abu na farko zafi. Ɓera ba ya gumi irin namu kuma ba ya haki irin na kare, ta bindi yake fitar da zafin jiki, jini ya kwarara can ya huce ya dawo. Yanayin da ya dace da shi wajen digiri 18 zuwa 26 ne, in ya haura 30 an shiga hatsari, za ka ga ya baje a ƙasa yana dalalar da miyau yana shafawa a jiki, in ba a yi sauri ba shikenan. Mu kuwa a Makka lokacin Hajjin 2024 an auna 51.8, Jidda kuma ga zafi ga gumi. Ma'ana ba zancen ajiye keji a saman bene ko baranda ko ɗakin ajiya, sai ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki dare da rana wata da watanni, kana gida ko ba ka nan, kuma kada iskar ta dinga bugun kejin kai tsaye. Masu kiwo suna da dabaru, gorar ruwa mai ƙanƙara a naɗe a tsumma, ko tayil mai sanyi ya kwanta a kai, amma wannan na 'yan awoyi ne in wuta ta ɗauke. Wanda kuɗin wuta ke sa shi kashe mukayyif in zai fita aiki ya riga ya samu amsarsa tun daga nan.

Na biyu shi ne ya fi ba ni dariya da tausayi, turare. Huhun ɓeran ado rarrauna ne, kusan dukkansu da wata ƙwayar cuta ta numfashi ake haifarsu, tana kwance sai abu ya tsokano ta, ƙura, hayaƙi, zarnin fitsari, daga nan sai atishawa da wani ƙurƙur a ƙirji, ka ga jan abu kamar jini a hanci da ido, ba jini ba ne wani ruwa ne da idon ke fitarwa in yana cikin wahala. To ka gaya mini gidan Bahaushe a Saudiyya da ba a kunna turaren wuta ko bakhur. Hajiya ta sa garwashi bayan Magariba, hayaƙi ya cika falo ya shiga labule, a fesa humra, an jima a fesa maganin sauro da kyankyaso, wani gidan ga shisha. Mu daɗi muke ji, shi kuwa ajalinsa ake haɗawa. Kuma abun ya zama zagaye, kejin yana zarni sai a ƙara turare don a kashe warin, turaren kuma ya ƙara masa ciwo. Maganin zarni wanke keji ne a kai a kai da shimfiɗa mai tsotse fitsari, ta takarda ta fi, banda dusar katakon da ake kwasowa wurin kafinta don akwai ƙura kuma wasu itatuwan masu ƙamshi suna cutar da huhunsa. Akwatin gilas irin na kifi ma bai dace ba, iska ba ta ratsawa. Keji na waya ake so mai tsayi da hawa-hawa, tsakanin wayoyin kada ya wuce kamar santimita ɗaya da 'yan kai, in ba haka ba ƙananan za su zare.

Ba a kuma ajiye ɗaya. Dabbar taro ce, a cure suke barci suna lasar juna, ɗaya tilo yana shiga ƙunci ko da kana wasa da shi kullum. Biyu ko uku, kuma duk maza ko duk mata. Abinci akwai nasu na musamman dunƙule-dunƙule, a ƙara da ganye da ɗan ƙwai. Ragowar kabsa da burosted zai ci har ya lashe hannu, amma maiƙo da gishirin za su sa shi teɓa, teɓa kuma tana jawo ƙari. Ba ya iya amai, abun da ya shiga ya shiga. Haƙoransa na gaba kuma ba su daina tsiro har ya mutu, dole ya yi ta gwaguya, in ka sake shi a falo wayar caja da ta firij da gefen kujera duk nasa ne, in a gidan haya kake sai ka shirya bayani.

Sai babbar magana, wadda ta sa na ce ajiyewa daban kiwo don haihuwa daban. Macen ɓera tana iya ɗaukar ciki tun tana sati biyar zuwa shida. Cikin kwana 21 zuwa 23 ne. Haihuwa ɗaya takwas, goma, sha biyu, wani lokacin fiye. Tana neman namiji duk bayan kwana huɗu ko biyar, kuma cikin kwana ɗaya da haihuwa za ta iya ɗaukar wani cikin tana shayar da na farko. Yi lissafi a takarda, ka sayo mace da namiji ka bar su tare, ta haifi goma biyar mata, ba ka raba su ba, kafin wata biyu da haihuwarsu su ma suna da ciki na 'yan uwansu, uwar kuma ta ƙara biyu a tsakani. Kafin wata huɗu ka haura ɓera 70 a ɗakin da ku ma da ƙyar kuke juyawa. Kuma yawancin masu faɗawa wannan rami ba niyya suka yi ba, mai saidawa ne ya ce duk mata ne alhali akwai namiji a ciki, ko an sayo macen da cikinta. Gane namiji ba wuya, daga sati huɗu zuwa biyar marainansa a fili suke ƙarƙashin bindi, a duba kafin a biya.

Masu kiwon gaske a Turai ba haka suke yi ba. Sai mace ta yi wata biyar ko shida sun ga lafiyarta da halinta, su haɗa ta sau ɗaya ko biyu a duk rayuwarta, su cire namijin kafin ta haihu. 'Ya'yan suna zuwa jajaye tsirara makafi, ana hango farin nono a cikinsu ta fata, da haka ake gane suna sha. Wajen kwana 14 ido ya buɗe, sati huɗu zuwa biyar a raba maza da mata, ba a ba da su sai sun kai sati shida. Suna rubuta wa ya haifi wa, da me kakarsa ta mutu, a wata nawa ƙari ya fito mata, kuma ba sa haɗawa sai sun tara sunayen masu karɓa. Babu riba a ciki, kuɗin keji da abinci da likita ya cinye. Masu samun kuɗi da ɓera su ne masu haifar da shi da yawa don ciyar da macizai da sauran dabbobin da ake kiwo, su kuma ba ruwansu da hali ko tsawon rai tunda ba daɗewa zai yi ba, kuma ɓerayen da ake gani a kasuwar dabbobi a ƙasashe da yawa daga irin wannan hannun suke fitowa. Yaro ya ga na bidiyo wanda aka yi shekaru ana tace zuriyarsa, ya sayo na abincin maciji mai atishawa mai cizo.

Ko na kirkin ma shekara biyu zuwa uku ce rayuwarsa. Matan ƙarin nono yana yawan kama su in sun fara manyanta, wani ya girma har ya hana ta tafiya, sai tiyata, mazan kuma ƙafafun baya su yi rauni. Asibitocin dabbobi a nan kyanwa da tsuntsaye suka fi sani, ga raƙuma da dawaki da shaho ga masu hali, mai son ɓera sai ya fara nemo likitan da zai karɓe shi tun kafin ya saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Cuta fa? Na keji wanda bai taɓa cuɗanya da na waje ba ya fi na kwata tsabta nesa ba kusa ba, yini yake yana gyara jiki. Amma ba a ce babu ba. Akwai zazzaɓin cizon ɓera, ƙwayar tana bakinsa shi lafiyarsa ƙalau, cizo ko yaƙushi ya sa wa mutum, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da ƙuraje, ana maganinsa in an gane da wuri amma ya taɓa kashe yara a Amurka. Akwai cutar da ake ɗauka ta fitsarinsa mai taɓa ƙoda da hanta. A 2017 kuma wata ƙwayar cuta da ake kira Seoul ta ɓulla tsakanin masu kiwon ɓeran ado a Amurka, an fara ganowa a jihohin Wisconsin da Illinois, mutum 17 suka kamu, kuma ta hanyar musayar iri tsakanin masu kiwo ta yaɗu. Hukumar lafiyarsu tana ba da shawara gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar ko mai ciki ko mai raunin garkuwar jiki ya haƙura da irin waɗannan dabbobi. Gidajenmu kuwa wanne ne babu ɗaya daga cikin ukun nan? In ɓera da sata daddawa ma da wari, wanda yake sumbatarsa a baki ya ci abinci bai wanke hannu ba shi ma da nasa laifin.

Na bar maganar addini zuwa nan ba don ita ce ƙarama ba, a wurinmu ma ita ce ke yanke hukunci. Hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim ya lissafa dabbobi biyar fasiƙai da ake kashewa a cikin Harami da wajensa, hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Duba nauyin wannan ga mazaunin Makka, garin da ba a korar abun farauta, ba a yanke itacensa, tattabarun Harami suna yawo tsakanin ƙafafun mutane ba mai taɓa su, amma ɓera ko mai harami a jiki ya halatta ya kashe shi. Akwai hadisin da aka ce a kashe fitila lokacin barci don 'yar fasiƙar nan tana jan lagwani ta ƙona gida, da na Nana Maimuna kan ɓeran da ya faɗa cikin man shanu aka ce a ɗebe shi da abun da ke kewayensa a zubar. Daga nan malamai da yawa suka ce abun da aka ba da umarnin kashewa ba a ajiye shi don sha'awa, cinikinsa ma bai inganta ba tunda babu amfanin da shari'a ta lasafta a cikinsa, kashinsa da fitsarinsa kuma najasa ne a wurin jumhuru, alhali shi dabba ce mai ɗiga fitsari a duk inda ta bi don sa alama, har kan hannunka da rigarka da dardumar salla. Kiwonsa don binciken magani malamai na wannan zamani sun ware shi saboda buƙata. Masu son abun suna cewa ai dalilin kashewar ɓarna ce, na keji kuma ba ya ɓarna. Magana ce da za a iya kai wa malami, amma hujjar “wannan wata dabba ce daban” ba ta tsayawa, su kansu Turawan da suka ƙirƙiro shi sun ce jinsi ɗaya ne. Ni dai inda na tsaya, iliminsa abun sha'awa ne, a bar yaro ya karanta ya san yanda gado ke aiki, in kiwo yake so ga zomo ga tsuntsaye ga kyanwa.

Wanda kuma ya riga ya sayo, hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha yana kansa, tunda ka tsare rai haƙƙinsa na wuyanka. Kuma kada ranar da aka gaji a buɗe keji a waje a ce an 'yanta shi. Farin ɓeran da bai san tsoro ba bai san neman abinci ba, magen unguwa za ta gama da shi kafin Asuba ko ya ci gubar da baladiyya, wato hukumar gari, ta zuba, in kuma ya tsira ya shiga cikin na kwata ya ƙara wa maƙwabta aiki. Saboda irin wannan ne lardin Alberta a Kanada, da ya fara yaƙi da ɓera tun 1950, ya hana ajiye ko na ado ne, tara ake cin mutum.

Mu kuma rayuwarmu a nan ta tafiya ce, yau hutu gida wata biyu, gobe aikin Hajji ba ka kwana a ɗaki, jibi iƙama ta ƙare an buga huruj, wato takardar barin ƙasa. Kyanwa za ka samu mai karɓa, tsuntsu za ka saida a rana ɗaya, ɓera uku da kejinsu wa za ka kai wa ya bar musu mukayyif a kunne? Masu kiwon kirki a Ingila suna sa sharaɗi tun ranar bayarwa, in ka kasa riƙewa ka dawo musu da abunsu ko bayan shekara biyu ne. A nan wanda ya saida maka a bayan mota ranar Juma'a ko lambarsa ba lallai ta sake shiga ba.